Warƙar da Illa Ya Ajiye a Masallaci

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, shi kuma nake roƙo ya tsare hannuna daga ƙari da ragi.

Sunana Rabi'u, magatakarda ne a Matamai. Na shekara ashirin da biyu a zauren Malam Isufu, dattijon da a zamaninsa mutanen garin nan ke kai wa gardamarsu, ina rubuta wasiƙu da rabon gado da duk abin da aka yanke. Labarin da zan bayar na Illa ne, ɗan kawuna, wanda ya rasu a watan jiya. Na zauna kwana uku a wurin gaisuwar mutuwarsa ina jin abin da ake faɗa a kansa. Rabinsa ba haka aka yi ba. Shi ya sa na ciro takarduna.

Sana'ar Illa ɗaukar littattafai ce. Da fari kanwa yake kaiwa kudu tare da ubansa, har wata damina wani malami a Kance ya ba shi littafi ya kai wa ɗan'uwansa a Daura. Ruwa ya doke su kwana huɗu a hanya. Rabin kanwar ya narke, amma littafin ya isa a bushe, domin Illa ya tuɓe rigarsa ya naɗe shi, ya yi tafiyar da jiki a waje. Daga nan malamai suka san shi. Cikin ƴan shekaru ya bar kanwa, ya koma yana zirga-zirga da jakai uku tsakanin Zangon Damagaram da Kance da Matamai da Daura, wani lokaci har Kano. Wanda ya ari littafi ya gama juyar sa zai mayar, wanda ya yi saƙon sabo wurin Larabawan ayari, wanda ya mutu aka raba littattafansa ga magada a gari uku, duk ta hannun Illa suke bi.

Bai iya karatu ba. Ya san surorin da zai yi salla da su, daga nan uban ya janye shi zuwa bin jakai. Wannan bai rage masa kasuwa ba, ƙara masa ya yi. Malami yakan rubuta laƙaninsa a gefen littafi, ko ya cusa wasiƙa a tsakiya wadda ba ya so wani malamin ya gani. Sun san Illa ba zai kwance ƙunshi ba, in ma ya kwance ba abin da zai ɗauka. Shi kuwa ya riƙe wannan rashin kwancewa kamar farilla.

Ga shi da ganin girman rubutu fiye da masu karatun kansu. Ba ya ɗaura kaya sai ya yi alwala. Littafi ba ya shiga ƙarƙashin wani kaya, kuma in sun yada zango sai ya rataye mangala a reshe kafin ya nemi ruwan sha. In ya ga guntun takarda a ƙasa, ko a tsakiyar ciniki yake, zai durƙusa ya ɗauka, ya karkaɗe, ya kai masallaci ya sa a alkukin da ke jikin bangon gabas. Kowa a garin nan haka aka koya masa, saboda ba ka san wace takarda ke ɗauke da sunan Allah ba. Sauran mutane suna yi in sun tuna. Illa bai taɓa mantawa ba.

Ni ne idonsa. Duk lokacin da ya ratso Matamai sai ya sauka a ƙofata, in karanta masa sunayen da ke jikin ƙunsuna, shi kuma ya ɗaura wa kowanne zare mai launi dabam. Ina da takardar da nake rubuta wanda ya bayar, da wanda za a kai wa, da ranar. In ya dawo sai ya ce, “An sauke,” in rubuta haka a ƙarshen layin. A shekara goma sha bakwai na rubuta layi ɗari shida da goma sha huɗu, kowanne da “an sauke” a ƙarshensa. Taubashina ne, saboda haka ba ma rabuwa da tsiya. Nakan ce masa jakai huɗu ne ke ɗaukar ilimin ƙasar nan, uku ne kawai masu dogon kunne. Shi kuma ya ce, “Bawana, rubuta abin da aka sa ka, ka bar surutu.”

A watan Safar na shekara ta 1309 ya taso daga Damagaram da ƙunshi bakwai. Biyu daga ciki wani Balaraben Turabulus ne ya ba shi a Zango, kuma ba rubutun hannu ba ne, bugun Masar ne, farar takarda mai santsi. Ɗaya na Malam Attaher ne, malamin da bai daɗe da dawowa daga karatu a Katsina ba, yana koyar da nahawu a garin nan. Ɗayan na Malam Takawa ne na Yauri, wani gari a nan ƙasarmu ta Damagaram. A wata korama wajen Icirnawa jakin gaba ya zame, mangala ta karkace, ƙunsunan nan biyu suka faɗo a kan gaɓa. Ba su taɓa ruwa ba, amma igiyarsu ta tsinke, zaren ɗinkinsu kuwa tafiyar hamada ta riga ta cinye shi. Warƙoƙi, wato fallayen takardun, suka zame. Illa ya tattara kowanne a gefen da ya faɗi, ya sake ɗaurewa, bai ɗaga ko ɗaya ya duba ba.

Ya iso Matamai ran Alhamis, goma sha biyu ga wata. Ya miƙa wa Malam Attaher nasa. Da ya koma gida yana kakkaɓe mangala sai ya ga warƙa ɗaya maƙale a lungu. Bai san ta wane littafi ba ce cikin biyun. In ya cusa ta a inda ba nata ba, ya ɓata wa mutum karatu. In ya nuna wa wani malami, ya buɗe amanar wani. Ya zo ƙofata aka ce masa an aike ni Tsauni rabon gado, sai gobe. Kwana ɗaya tak na yi a Tsauni. Na sha lissafa wannan kwanan.

Sai ya yi abin da ya saba. Ya ninke ta biyu, ya kai masallaci, ya sa a alkuki tare da sauran guntaye, da niyyar in na dawo mu ɗauko.

Ba wanda ke karanta abin da ke cikin alkukin nan, ajiyewa kawai ake yi. Amma washegari bayan la'asar Malam Attaher ya hango farar takarda irin ta sabon littafinsa, ya zaci daga nasa ta faɗi, ya zaro. Kafin in sauka daga kan jakina a ƙofar gari an riga an tare ni da labari, wai an sami kafirci a masallaci, kuma Illa ne ya sa.

Ran Asabar da hantsi aka zauna a zauren Malam Isufu. Zauren ya cika har waje. An miƙo mini warƙar na karanta gaba da baya. Ba zan juya kalmominta a nan ba. Abin da ke ciki shi ne duniya ba ta da Mahalicci, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan, Allah ya tsare mu. Maganar ta fara tun kafin warƙar, ta kuma wuce ta. Babu farko, babu ƙarshe.

Malam Attaher ya miƙe zai fassara wa jama'a. Illa ya tashi ya nufi ƙofa.

“Ina za ka?” in ji Malam Isufu.

“Allah gafarta Malam, in ya gama a kira ni. Takardar wani ce. Ban buɗe da hannu ba, ba zan buɗe da kunne ba.”

Ya fita ya tsaya wajen jakansa har aka gama. Da ya dawo Malam Attaher ya ce, “Kai ka sa wannan a ɗakin Allah?”

“Ni na sa.”

“Ka san abin da ke ciki?”

“Malam, ni ko sunana aka rubuta aka sa a gabana, sai in gaishe shi in wuce.” Wasu suka yi dariya, Malam Isufu ya ɗaga hannu suka yi shiru. Illa ya juyo wurina. “Malam Rabi'u, akwai sunan Allah a ciki?”

Na duba na ƙirga. Na ce, “Sau huɗu.”

“To a ƙasa zan bar ta awaki su taka?”

Malam Attaher bai yi fushi irin na jahilai ba, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya yi magana a natse. Ya ce a shari'a mai ɗaukar giya da mai shan ta an haɗa su a laifi, ko da mai ɗaukar bai kurɓa ba. Ya ce guba ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami mai kai ta. Ya ce in kowane mai jaki zai ce ba ruwansa da abin da ke bayan jakinsa, to ba abin da ba za a shigo da shi garin nan ba. Wanda ya ɗauko abu, ya naɗe shi da rigarsa, ya ɗora shi sama da kowane kaya, ya yarda da shi ke nan ko bai faɗa da baki ba.

Illa ya ce, “Giya tana da wari, Malam. Takarda duk ƙanshinta ɗaya. Naka littafin ma a jakin nan ya zo, gefe ɗaya naka, gefe ɗaya wannan. Shi ma ban san abin da ke cikinsa ba. In ɗauka yarda ce, to na ɗauki tafsiri ya fi sau talatin. Bawana yana da lissafin. A naɗa mini rawani in zauna kusa da kai.”

Wannan karon har Malam Isufu sai da ya rufe baki da hannun riga.

Na nemi izini na faɗi abin da na gani. Na ce warƙa ɗaya ba ta nuna ko marubucin ra'ayinsa yake faɗa, ko na wasu yake kawowa domin ya rushe shi a gaba. Malamanmu da yawa haka suke yi, su shimfiɗa maganar ɓatattu sannan su bi ta su karya. Malam Attaher ya ce shi ya san salon masu raddi, wannan ba shi ba ne, amma abu ne mai sauƙi, a kawo ɗayan ƙunshin a kwance a gani.

A nan na ɗauka magana ta ƙare. Na dubi Illa. Illa ya ce, “Ba za a kwance ba. Mai shi yana Yauri da ransa.”

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, “Kai, wannan ne mafitarka. In raddi ne ka fita, in ba shi ba ne ka ce ba ka sani ba, ka fita.”

“In na kwance yau don na ji tsoro, gobe wa zai ba ni nasa?”

Malam Isufu ya ce jiya Illa bai sani ba, saboda haka babu laifi a kansa game da jiya. Yau kuwa an gaya masa. Ya ba shi kwana bakwai ya kai wa mai shi, mai shi ya zo ya yi bayani. Ya ce in raka shi in zama shaida.

Mun isa Yauri ran Litinin da azahar. Labari ya riga mu. Malam Takawa tsoho ne mai sanyin murya, na sha rubuta sunansa a takardata, ƙunshi goma sha ɗaya Illa ya taɓa kai masa. Ya fito ya tsaya a bakin zaure, bai ce mu shiga ba. Illa ya sauke ƙunshin ya riƙe da hannu biyu.

“Allah gafarta Malam, ga saƙonka daga Zango.”

“Ban yi saƙo ba.”

Na ce, “Malam, ga sunanka a jiki, ga sunan garin.”

“Takawa nawa ne a ƙasar nan, Malam Rabi'u?”

“Mai karatu, a Yauri, kai kaɗai na sani.”

“To Balaraben ya yi kuskure. Ku mayar masa.” Ya ƙi ko taɓa igiyar. Illa ya tsaya da hannuwansa a miƙe, sannan ya mayar cikin mangala. Mun juya jaki za mu tafi sai tsohon ya biyo mu taku biyu, ya duba hagu da dama, ya ce, “An kwance shi?”

Illa ya ce, “Ni na ɗauko shi, Malam.”

Tsohon ya sauke numfashi ya koma ciki. Daga wannan tambayar na san nasa ne. Ko don ya yi raddi ya yi saƙonsa, ko don son gani, Allah ya sani. Da ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya da Illa ya tsira. A hanya na ce zan gaya wa Malam Isufu abin da na ji. Illa ya ce, “Me ka ji? Tsoho ya yi tambaya. Kana so a zo a ƙone masa zaure?” Na faɗa duk da haka, a keɓe. Malam Isufu ya ce tambaya ba iƙirari ba ce, kuma gaskiyarsa.

Kafin mu dawo Malam Attaher ya riga ya kai warƙar kasuwa. Ya tsaya kusa da rumfar mahauta ya karanta, ya fassara jimla jimla, domin mutane su san irin sharrin da aka shigo da shi su guje masa. Da kyakkyawar niyya ya yi, ban yi shakka ba. Ran kasuwa uku ya yi haka, a ta ukun ya ƙone ta. Amma kafin nan masu awo da majema da mata masu sayar da fura duk sun iya abin da ke ciki. Na ji wani maƙeri yana maimaita wa abokinsa, yana cewa, “Ka ji fa abin da suke cewa,” yana tofar da yawu, sannan ya sake maimaitawa.

A zama na biyu Malam Attaher ya ce tun da mai shi ya ƙi shi, ƙunshin ba shi da ubangiji, a kawo a ƙone.

Illa ya ce ƙunshin yana da mai shi. Wanda ya ba shi a Zango shi ne mai shi yanzu, kuma hannunsa zai mayar.

“Balaraben ya bi ayari arewa tun kwana goma,” in ji wani daga baya. “Sai baɗi, ko baɗin waccan.”

“To sai baɗin.”

Malam Attaher ya ce, “Ka ji, Malam. Ya fi son ya kwana da kafirci a ɗakinsa da ya rabu da shi. In wannan ba yarda ba ce, mece ce?”

Illa ya dube shi. Sannan ya ce, “Malam Attaher, ni a bayan jaki na ɗauko shi, a ɗaure, kwana uku, ba wanda ya ji ko harafi. Kai a bakinka ka ɗauke shi ka zaga kasuwa. Ni ban ce ka yarda da shi ba.”

Ba wanda ya yi dariya. Malam Attaher ya tattara rigarsa ya zauna, kuma daga ranar bai sake yi wa Illa magana ba sai bayan shekara shida.

Malam Isufu ya yanke, ni na rubuta, ga takardar a gabana. Ba a ce Illa ya bar addini ba. Ba za a shiga gidansa a ƙwace kome ba. Amma muddin ƙunshin nan yana hannunsa, kada wani malami ya ba shi littafi, domin ba a haɗa littattafan Musulmi da shi a mangala ɗaya. Ranar da ya rabu da shi, ta wuta ko ta hannun mai shi, ya koma sana'arsa. An tambaye shi ko ya ji. Ya ce ya ji. Ya kai ƙunsunan da suka rage a hannunsa Daura, ya dawo da mangala wayam.

Ya sa ƙunshin a gafaka, wato jakar fata ta littafi, ya rataye a azara a ɗakinsa, sama da kan kowa. Ya koma kanwa da gero. Ya sayar da jaki ɗaya a shekarar farko, na biyu a ta uku. Ba wanda ya hana shi masallaci, amma na lura a sahu akan bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da na kusa da shi. Nakan cike gefe ɗaya. Ɗayan gefen ba ni da yadda zan yi.

Matarsa Salamatu ta zo gidana sau ɗaya, ta tsaya daga bayan ƙofa. Ta ce, “Malam Rabi'u, ɗan'uwanka ne, ka yi masa magana. Takarda ce fa.”

Na ce na yi har bakina ya gaji.

“To ran kasuwa in maigidan ya fita, ka zo ka sauke ta. Ni zan ce gara ce ta ci.”

“Har da gafakar da igiyar?”

“Garar gidanmu yunwa take ji, kamar masu gidan.”

Ban je ba. Na yi tunanin zuwa fiye da sau ɗaya, ba don in ƙone ba, don in kwance in gani, in huta da rashin sani. Amma da ya gane, domin irin ƙullinsa ba wanda ya iya, kuma da ni ma na shiga cikin waɗanda suka ci masa amana. Na yi masa faɗa dai, ba sau ɗaya ba. Na ce masa taurin kai ba ibada ba ne. Na ce yana tsare amanar mutumin da ya manta da shi, da wani da ya yi musun sa a gaban idona. Ya ce, “Su suka san abin da suka yi. Ni an ba ni a hannu.”

Malamai suka koma ba wani mai suna Shekara littattafansu. Shekara ya ɗan iya karatu, kuma yana kwance kowane ƙunshi ya duba, wai don kada abin da ya sami Illa ya same shi. Na ci gaba da rubuta masa layi kamar yadda na yi wa Illa. A shekara shida ƙunshi tara ba su isa ba ko sun isa a jiƙe, kuma laƙanin wani malamin Kance ya bayyana a hannun abokin hamayyarsa a Daura. Kowa ya yi gunaguni. Ba wanda ya je zauren Malam Isufu ya ce a sake duba maganar Illa. Ni na je sau biyu. Ya ce sharaɗin yana nan, mai sauƙi ne, Illa ne ya ƙi.

Kowace shekara in aka ce ayarin arewa ya sauka, Illa sai ya sauko da gafakar, ya yi alwala, ya ɗaura wa jakinsa, ya yi kwana uku zuwa Zango. Ya bi masaukin Larabawa gida gida yana tambaya. Shekara uku ba labari. A ta huɗu aka ce masa mutumin ya mutu a hanyar hamada. Na ce to, shi ke nan, yanzu kam ba mai shi. Ya ce mutum ba ya mutuwa ba magada, ni da nake rubuta rabon gado ya kamata in fi kowa sani. Malam Takawa ya rasu a wannan shekarar bai ce kome ba. Malam Isufu ya bi shi a ta biyar, Malam Attaher ya gaji buzunsa a zaure, ni kuma na ci gaba da riƙe masa alƙalami.

A watan Sha'aban na 1315 Illa ya sami ƙanen Balaraben a Zango. Ya gaya mini mutumin bai ma fahimci abin da ake magana a kai ba sai da tafinta ya maimaita sau biyu. Ya karɓa ya jefa kan tarin fatu, ya ci gaba da cinikinsa. Illa ya ce ya roƙe shi ya ɗauke daga ƙasa ya ɗora a sama, mutumin ya dube shi kamar mahaukaci, amma ya ɗora.

Ya dawo Matamai bai tsaya a gidansa ba, ya zo zaure da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ya gaishe da Malam Attaher. Malam Attaher ya amsa, ya saurare shi, ya ce sharaɗi ya cika, wanda ya so ba shi littafi ya ba shi. Ya faɗi haka a fili, a gaban mutane, ban hana shi wannan ba. Sannan Illa ya juyo wurina.

“Bawana, ɗauko takardar.”

Na ɗauko. Layi na ɗari shida da ashirin da ɗaya, shi kaɗai ne ba kome a ƙarshensa. Na tsoma alƙalami.

“Rubuta an sauke,” in ji shi. Na rubuta. “Ƙara da cewa saura warƙa ɗaya.”

Na ce ba shi ya ƙone ta ba.

“A hannuna ta fita. Rubuta.”

Na rubuta. Malam Attaher yana zaune yana ji, ya sunkuyar da kai yana gyara bakin buzunsa.

Bayan haka Illa ya wanke mangalarsa, ya sake igiyoyi, ya nemo zare kala kala. Ran kasuwa huɗu a jere ya zo ya zauna a ƙofata da jakinsa ɗaya da ya rage, inda masu saƙo suka saba samun sa. Malaman da suka san shi rabi sun mutu. Waɗanda suka taso sun saba da Shekara, kuma abin da suka sani game da Illa shi ne sunan da aka laƙa masa a kasuwa, mai littafin kafirai. Mutane suka wuce suna gaishe shi. Ba wanda ya kawo ƙunshi. A rana ta huɗu da la'asar ya naɗe zarensa ya miƙo mini, ya ce in bai wa wanda zai yi amfani da shi, ya kora jakinsa. Ya koma kanwa har ƙafafunsa suka ƙi, ya kwanta wata biyu, ya rasu a wannan shekara ta 1316.

A wurin gaisuwa na ji wani yana cewa marigayin ya haddace littafin nan kaf, shi ya sa ya ƙi rabuwa da shi. Mai faɗar haka ya kawo jimla biyu daga cikin warƙar don ya nuna irin abin da ke ciki, bai yi kuskuren kalma ɗaya ba, bayan shekara bakwai. Na tashi na ce masa a duk garin nan Illa ne kaɗai baligin da bai taɓa jin jimlolin nan ba. Ya ce ai ni ɗan'uwansa ne, dole in faɗi haka.

Har yau ban san ko littafin na ɓata ne ko na raddi ba. Takardar layukan tana wurina, duk wanda ya iya karatu ya zo ya duba. Allah ya jiƙan Illa, ya sauke masa nasa nauyin.